Shinkafar Kirsimeti ba ta warkar da kuturta

Ranar Kuturta ta Duniya kullum a ranar Lahadi take faɗowa, Lahadin ƙarshe ta watan Janairu. Wani Bafaranshe mai suna Raoul Follereau ne ya kafa ta a 1954. Wato rana ce da take samun mu Kirista zaune cikin majami'u, maza da mata da yara, kowa ya kasa kunne. Amma ka zaga ikilisiyoyinmu na Arewa a wannan rana ka saurari sanarwa. Za ka ji ta baikon gini, da ta taron Zumuntar Mata, da ta ɗaurin auren wane da wance. Da wuya ka ji an ambaci kuturta. In an ci sa'a wani dattijo ya tuna, sai a cusa ta a wutsiyar addu'ar roƙo, tsakanin marasa lafiya da matafiya, a ce amin a wuce.

Ba wai mun manta da su ɗungurungum ba. Muna tunawa da su a Disamba. A tara kuɗi, a sayi buhunan shinkafa da katan ɗin sabulu da taliya, a haɗa da gwanjon da aka kwaso daga gidaje, a cika mota a nufi unguwar kutare. Na bi irin wannan tafiya, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka jera kayan a ƙasa muka ja da baya. Tsofaffi suka fito suka zauna a tabarma can gefe, mu muka tsaya a inuwar mota, aka rera waƙa, aka yi addu'a da ƙarfi, matasa suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Wata tsohuwa ta sa jikarta ta kawo mana ruwa a kwanon sha mai murfi, wankakke tas. Kwanon ya zaga mu ya koma a cike, kowa da uzurinsa, wani ya ce yanzu ya sha, wata ta ce tana azumi. Tsohuwar ta karɓi kwanonta tsakanin tafukan hannunta biyu, ta ce, "Ba komai, 'ya'yana, Allah ya saka da alheri." Kafin mu iso gida hotunan sun hau Facebook.

Shinkafar ta yi amfani, kada a ce na ce a daina. Mai jin yunwa ba ya cin ra'ayi. Abin da nake cewa shi ne, wannan irin taimako ya tsaya a kan waɗanda cutar ta riga ta gama da su shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, kuma yadda muke yin sa, daga nesa, yana koya wa wanda cutar ta fara kamawa yau cewa gara ya ɓoye. Ɓoyon nan kuwa shi ne ke cin yatsu.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, kuma wani likita ɗan ƙasar Norwe, Gerhard Armauer Hansen, ya gano ta tun 1873. Tana da nawa ƙwarai. Mutum zai iya ɗauke da ita shekara biyar bai san komai ba, wani ma har shekara ashirin. Tana yaɗuwa ta ɗigon majina da yawun da ke fita daga hanci da baki, kuma sai an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara shan magani ba. Ba a ɗaukar ta ta gaisawa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko zama a benci ɗaya. Kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane ma jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa ko sun haɗu da ita. Wanda kuma ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Saboda haka tsohuwar da muka ƙi shan ruwanta, wadda ta warke tun kafin a haifi mafi yawanmu, ba ta da abin da za ta shafa wa kowa.

Farkon cutar ba ya kama da abin da muke gani a bakin kasuwa. Tabo ne kawai a fata, ya ɗan fi sauran jiki haske ko ya yi jaja-jaja, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Shi ya sa ake raina shi, a ce makero ne ko ƙyasbi, a shafa man kanti a manta. Gwajinsa kuwa ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin lafiya zai murza 'yar auduga, ya ce ka rufe ido, ya taɓa lafiyayyar fata ka nuna wurin, ya taɓa tsakiyar tabon. In ba ka ji ba, to akwai magana. Zai kuma lalubi jijiyar da ke bayan gwiwar hannu da ta gefen gwiwar ƙafa ya ji ko sun yi kauri. A wannan mataki, in aka sha magani, mutum zai warke sarai, babu wanda zai taɓa sanin ya yi cutar sai in shi ya faɗa.

In aka bar ta, sai ta shiga jijiyoyi ta kashe ji. Daga nan ne ɓarna take farawa, kuma ba ƙwayar ce ke gutsure yatsu ba kamar yadda muka taso muna ji. Wani likitan mishan, Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya, shi ya yi fice wajen nuna wa duniya haka. Mace ce za ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ta ƙone ba ta ji ba. Manomi ne ƙaya za ta shige masa tafin ƙafa, ya wuni yana noma a kanta, ya kwana, ya koma gona. Ciwon ya ruɓe, ya kai ga ƙashi, ƙashin ya zagwanye, yatsa ya gajarce. Fatar ido ta kasa rufuwa, ƙura ta yi ta shiga har ido ya mutu. Duk wannan yana ɗaukar shekaru, kuma a kowace shekara cikinsu akwai damar tsayar da shi.

Maganin yana nan, kuma kyauta ne. Tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna uku, rifamfisin da dafson da kilofazimin, wanda ma'aikatan lafiya ke kira MDT. Tun 1995 ake raba shi ba ko sisi a duk duniya, da farko da kuɗin wata gidauniya ta Japan, daga 2000 kuma kamfanin Novartis ke bayarwa. Wata shida ake sha in cutar ba ta yi yawa ba, wata goma sha biyu in ta yi yawa. Duk da haka har yanzu ana samun sababbin masu cutar wajen 200,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Indiya da Birazil da Indonesiya. A Najeriya ana rubuta wajen 2,000 ko fiye, cikinsu har da yara, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai hannu ya riga ya ƙandare. Yaro ya kamu yana nufin akwai babba a kusa da shi da ke yaɗa cutar ba a gano shi ba.

To me ke hana mutum zuwa karɓar maganin da ba a biya? Nisa na ciki, rashin sani na ciki. Amma babban abin shi ne ya san abin da zai biyo baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Budurwar da ta ga tabo a cinyarta ta san in maganar ta fita, saurayi zai janye, ƙannenta ma za su rasa manema, domin mun ɗauka cutar gado ce. Mai sayar da ƙosai ta san ranar da aka ji, ranar kaskonta zai huce. Mun taso da zantuka iri-iri: tsaka ce ta faɗa a abinci, an haɗa kifi da nono, an yi rantsuwa a kan ƙarya, sammu ne, alhakin iyaye ne. Babu ɗaya cikinsu da ke kawo kuturta, amma kowanne yana ɗora wa mai ciwo laifi ko abin kunya. Sai ta sa doguwar riga, ta nemi jiƙe-jiƙe a ɓoye, shekara ta zagayo.

A nan ne nake ganin mu Kirista muna da namu kason laifin, kuma daga kan bagade yake fitowa. Sau nawa muka ji wa'azi an ce zunubi kuturta ne? Mai wa'azi zai ɗauko Gehazi bawan Elisha da kwaɗayinsa, ya ɗauko Maryamu 'yar'uwar Musa da gunaguninta, ya ɗauko sarki Uzziya da girman kansa, ya ce kun gani, Allah ya buge su da kuturta. Jama'a su ce amin. Bai sani ba, wataƙila a layi na huɗu akwai matar da ke ɓoye tabo a ƙarƙashin zaninta, kuma abin da ta tafi gida da shi shi ne Allah ne ya la'ance ta. Wa za ta gaya wa? Da wane ido za ta dubi matar fasto?

Wanda ya karanta Littafin Firistoci sura 13 da 14 a natse zai ga abin da ake bayani a can yana kama tufafi, yana kama bangon ɗaki. Dokokin tsarki ne na Isra'ila a kan cututtukan fata iri-iri da funfuna, ba bayanin asibiti ba ne a kan cutar da Hansen ya gano. Ko da ma a ce ita ce, ai mu mabiyan wanda ya taka wannan iyakar ne. A Markus sura 1, da kuturu ya durƙusa gaban Yesu yana roƙo, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ya warkar da bawan jarumin Roma daga nesa, da magana kawai, ashe nan ma da ya so da ya tsaya can ya yi magana. Ya zaɓi ya taɓa. A Betanya kuma, kwanaki kaɗan kafin gicciye, a gidan Saminu kuturu ya zauna cin abinci. Da almajiransa suka tambaye shi a kan mutumin da aka haifa makaho, ko zunubin wa ya jawo, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Da ya aike su wa'azi a Matiyu sura 10, tsarkake kutare na cikin aikin da ya lissafa musu. Ban ga inda ya ce a ajiye musu kaya a ja da baya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan aiki namu ne tun asali, mu muka sake shi. Duk wanda ya san tarihin ikilisiya a Arewa ya san ba za a ba da shi ba tare da asibitocin kutare ba. A Garkida, mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar EYN ya buɗe nasa a 1929. A shekarun 1930 mishan ɗin SIM, uwar ikilisiyar ECWA, ya karɓi kula da na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, a lokacin da ba a yarda mishan ya yi wa'azi cikin biranen sarakuna ba. Akwai Bayara a Bauchi, akwai Molai a Maiduguri, akwai Mangu a Filato. A Nijar akwai Danja kusa da Maraɗi, wanda har yau yana aiki. A kudu, asibitin Uzuakoli na 'yan Methodist ya zama wurin da duniya ta koyi abubuwa: a can aka yi gwajin ba da dafson ta baki a ƙarshen shekarun 1940, a can kuma Stanley Browne ya gwada kilofazimin a farkon shekarun 1960. Wato biyu daga cikin magunguna ukun da ake sha yau a Indiya da Birazil, a jikin 'yan Najeriya aka tabbatar da amfaninsu. Akwai iyalai Kirista Hausawa da dama waɗanda in ka bi salsalarsu, kakansu a irin waɗannan wurare ya koyi karatu, ya zama malamin asibiti ko mai bishara. Wasu jikokin ba sa son a tuna musu, wannan ma wani ciwon ne.

Tarihin ba fari tas ba ne. An raba jarirai da iyayensu mata da sunan kare su. An killace mutane shekara da shekaru nesa da danginsu. Kuma Musulmi da yawa sun yi ƙorafi, wanda ba a rasa gaskiya a cikinsa ba, cewa an haɗa allura da wa'azi ta yadda marar lafiya ba shi da bakin cewa a'a. Wannan darasi ne a gare mu yau. Mafi yawan masu fama da kuturta a ƙasar Hausa Musulmi ne, kuma in za mu taimaka, to mu taimaka don mutum ne, ba don mu sa shi a lissafin sababbin tuba ba. Taimakon da aka ɗaura wa ƙugiya ciniki ne, mai karɓa kuwa yana ganewa. Ga shi ma wuri ne da ba mu da saɓani da maƙwabtanmu, domin su ma sun gaskata Annabi Isa ya warkar da kutare da izinin Allah. Limami da fasto za su iya faɗin magana ɗaya a kan tabon fata, ɗaya ran Juma'a ɗaya ran Lahadi, kuma in za a shiga unguwa da aiki, ta hannun Sarkin Kutare da mai unguwa za a bi, ba a faɗo musu kamar daga sama ba.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi yawancin asibitocin mishan. Daga baya aka kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, da cibiyar horar da ma'aikata a Saye kusa da Zariya. MDT ya yi aiki sosai, har a 1998 Najeriya ta kai matsayin da ake cewa an kawar da kuturta a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Ma'anar wannan a takarda ita ce masu cutar sun gaza mutum ɗaya cikin kowane 10,000. Amma a kunnen jama'a, da na masu rabon kasafi, sai ya zama an gama da ita. Kuɗi suka koma wani wajen, tsofaffin ma'aikatan da ke gane tabo da kallo ɗaya suka yi ritaya, matasan da suka gaje su wasu ba su taɓa ganin farkon cutar ba. Mu ma a ikilisiya muka sauke kayan, muka bar wa ƙungiyoyi irin su The Leprosy Mission, wadda wani ɗan Ayalan, Wellesley Bailey, ya fara a 1874, kuma har yau tana aiki a wurare irin su Chanchaga ta Minna da Amanawa. Suna ƙoƙari, amma ba su da reshe a kowane ƙauye. Mu muke da shi.

Sai ga abin da ya faru a 2024. Maganin kuturta ya yanke a Najeriya kusan shekara guda saboda cikas a ƙa'idojin gwaji da takardun shigo da shi, bai iso ba sai a Maris 2025. Maganin da kyauta ake ba mu. Dubban mutane, har da yara, suka zauna suna jira, waɗanda aka gano da wuri suna kallon jikinsu yana lalacewa, masu yaɗawa suna ci gaba da yaɗawa. Jijiyar da ta mutu a wannan jiran ba za ta dawo ba don jirgi ya sauka daga baya. Ni dai a majami'un da nake shiga ban ji an tashi da maganar ba. Muna da bishop-bishop da shugabannin ɗariku waɗanda in suka yi tari gidan gwamnati na ji. Muna fitar da sanarwa a kan siyasa, a kan kujerun zuwa Urushalima. Da maganin hawan jini ne na manya ya yanke wata guda, da an ji mu.

Wani zai ce, to addu'a fa, ka raina ta ke nan? Ko kaɗan. Na gaskata da addu'a, kuma na san abin da take yi wa mutumin da danginsa suka gudu suka bar shi, ya ji an ambaci sunansa gaban Allah. Amma addu'ar "Ubangiji ka tuna da kutare" ba ta da tsada, shi ya sa muke son ta. Wanda ya san abin da yake roƙo, addu'arsa takan fi haka nauyi. Zai roƙa wa yarinyar da ke shan kilofazimin haƙuri, domin maganin yana ƙara duhunta fata na ɗan lokaci, ƙawaye su fara tambaya, wasu su daina sha saboda haka. Zai roƙa wa wanda jikinsa ya tayar masa a tsakiyar magani, jijiya ta kumbura da zafi, ya ɗauka maganin ne ke kashe shi, alhali abin da yake buƙata shi ne ya koma asibiti da sauri a ƙara masa wani. Zai roƙa wa ma'aikacin da ke bin ƙauyuka a babur da man aljihunsa. Kuma da wuya ka yi irin wannan addu'ar wata uku ba ka tashi ka je ka duba su ba. Yakubu, a wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, ya riga ya faɗa mana matsayin wanda ke ce wa mai yunwa da tsiraici ya sauka lafiya, ya ƙoshi, ya ji ɗumi, bai ba shi komai ba.

Akwai kuma addu'ar da take kisa, gara a faɗe ta. Ita ce ta masu cewa an warkar da kai a taron farkawa, ka zubar da ƙwayoyi, shan magani rashin bangaskiya ne. Mai kuturta da ya bar magani a wata na uku saboda an shafa masa mai, zai dawo da hannu a lanƙwashe, mai shafa man kuwa ya tafi wani gari da lasifikarsa. Yesu da kansa, da ya warkar da kutare goma a Luka sura 17, cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, wato masu duba fata na wancan zamani. Na'aman ma, shugaban mayaƙan Suriya mai kuturta, ya so a yi masa abin ban mamaki, annabi Elisha ya fito ya ɗaga hannu ya kira sunan Allah. Aka ce ya je ya yi wanka a kogin Urdun sau bakwai, ya fusata don abin ya yi masa sauƙi da yawa. Haɗiyar ƙwaya kullum har wata goma sha biyu ita ma ba ta da armashi. Kuma a tuna, duk labarin ya faro ne daga wata 'yar baiwa ƙarama da ta san inda magani yake, ta buɗe baki ta gaya wa uwargijiyarta, matar Na'aman.

Aikin wannan yarinyar shi ne ya fi dacewa da mu, kuma ba ya cin kuɗi. Babu ƙungiyar da ta kai Zumuntar Mata shiga lungu a Arewa. Su ke wankan jego, su ke yi wa yara wanka, su ke ganin bayan da mai shi ba ya gani. In kowace zumunta ta gayyaci jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarta, domin kowace ƙaramar hukuma tana da shi, ya yi musu bayanin awa ɗaya da 'yar audugarsa, an samu idanu ɗaruruwa. In aka gano mutum ɗaya, sai a duba mutanen gidansa, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba na kusa da shi rifamfisin sau ɗaya tak don rage haɗarin kamuwa. Amma dubawar tana buƙatar mai gida ya yarda a shigo, shi kuwa ba zai yarda ba in ya san gobe labari zai zaga gari. Nan ake buƙatar dattijon da ke da riƙon sirri, wanda zai raka shi asibiti a matsayin ɗan'uwa. Majami'ar da maganar addu'a ke zama tsegumi kafin la'asar ba za ta iya wannan aikin ba.

Su kuma tsofaffin da cutar ta riga ta illata, a tambaye su abin da suke so kafin a cika mota. Da yawa za su ce takalmi. Ƙafar da ba ta ji tana buƙatar takalmi mai laushin ciki da taurin ƙasa, wanda ƙusa ba ta huda shi, kuma yana ƙarewa a sake wani. Suna buƙatar roba ta jiƙa ƙafa kowace rana, da dutsen goge kanta, da man kaɗanya ko basilin don kada fata ta tsage, da tabarau ga wanda idonsa ba ya rufuwa, da tsumma mai kauri na sauke tukunya. Kuɗin buhu ɗaya na shinkafa zai yi wannan wa mutane da yawa. Suna buƙatar kuɗin makarantar jikoki, da jarin da zai raba su da bara. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, kuma duk da zafin karin maganar, ta gane cewa rabin wulaƙancin na talauci ne. Mai awaki goma da injin niƙa, ba a ce masa ya tsaya daga waje. Sai dai jarin ba ya tafiya in mu da muka ba da shi ba za mu sayi ƙwan kajinta ko mu kai niƙa wurinsa ba.

Inda za a gane ko da gaske muke shi ne cikin majami'a da cikin gida. Mutumin da ya warke, ko da yatsunsa sun tafi, a wane benci yake zama, kuma wa ke zama kusa da shi? Ran Jibin Ubangiji, ana miƙa masa kamar kowa, ko ana yin dabara a bar shi ƙarshe? An taɓa zaɓen irinsa dattijo, ko mai karanta Littafi, ko mai riƙon baitulmali? Suna da ƙungiyarsu ta waɗanda cutar ta shafa, IDEA, kuma cikinsu akwai masu iya tsayawa gaban jama'a su yi bayani fiye da kowane baƙon likita. A Lahadin ƙarshe ta Janairu, a ba ɗayansu bagade ya yi magana, ba a zaunar da shi gaba a nuna shi a tara baiko ba.

Sai maganar aure, wadda a kanta ne na ga masu dogon wa'azi sun yi shiru. Saurayi ya kawo yarinya mai tarbiyya, mai karatu, lafiyarta ƙalau, aka tafi bincike aka dawo da labarin cewa kakarta a unguwar kutare ta zauna. Nan take iyaye su ce a'a, ba mu haɗa jini. Iyayen nan kuwa su ne suka ba da buhu biyu a Disamba. Cutar ba ta bin jini, yarinyar ba ta taɓa yin ta ba, kakar ma ta warke tun tuni. Ikilisiyoyinmu da yawa suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure saboda sikila, wato mun iya sauraron likita in mun ga dama. In irin wannan magana ta zo gaban fasto da dattawa, aikinsu ne su kira iyayen yaron su zaunar da su, su ce, "Baba, Mama, wannan dalilin ba dalili ba ne," su kira ma'aikacin lafiya ya maimaita musu, kuma in an sa rana, faston ya je gidan kakar ya ci abincin biki a can.